Anti Rajista da Shafin da Ya Ƙi Karɓar Gyara

Shekara ashirin da bakwai Anti Rajista ta yi a ɗan ofishin da ke manne da na shugabar makaranta, ɗaki mai taga ɗaya, da kabad biyu na ƙarfe, da fankar da ta fi ƙarfi wajen ƙara. Ita ce akawun makarantar firamaren. Duk yaron da ya shigo, hannunta ne ya fara rubuta sunansa, shi ya sa laƙabin ya bi ta har gida. Ko surukanta da shi suke kiranta.

Mace ce mai sanyin hali, amma kada ka kuskura ka ɓata sunan mutum a gabanta. Da dalili. Tana budurwa ta ci jarrabawar shiga kwalejin horar da malamai, sai aka tarar wani akawu ya sauya harafi ɗaya a sunanta a takardar shaida. Kafin a gyara an rufe ɗaukar ɗalibai, shekarar da ta biyo kuma mahaifinta ya kwanta ciwo, ta zauna jinya. Ba ta taɓa riƙe alli ba. Ta koyi tafireta, ta zama akawu, ta kuma ɗaukar wa kanta cewa ba yaron da zai fita daga hannunta da gurgun suna.

Da aka kawo kwamfuta ba ta yi gardama ba. Ta koya, a hankali dai, gilashi a kan karan hanci. Bana aka ce rajistar jarrabawar 'yan aji shida a shafin intanet za a yi ta. Ta shigar da yara tamanin da ɗaya cikin kwana huɗu, ta buga jerin, ta bi shi da rula layi-layi. A lamba ta hamsin da uku rular ta tsaya. Sunan wata yarinya ce, 'yar wani direban motar ruwa, harafi ɗaya ya faɗi daga tsakiya. Kuma ita da kanta ta yar da shi.

Ta buɗe shafin, ta gyara, ta danna wurin ajiyewa. 'Yar da'irar nan ta yi ta juyawa, ta tsaya. Tsohon sunan ya dawo, ko gezau. Ta sake. Ta kashe kwamfutar ta kunna. Har goge madannan ta yi da bakin mayafi. Ran Laraba ce, washegari ƙarfe huɗu za a rufe shafin.

Shugabar makaranta ta leƙo ta ce, "Anti, harafi ɗaya ne fa. In sakamako ya fito a rubuta musu wasiƙa."

"Ranki ya daɗe, na san irin wasiƙar nan. Tsufa take yi a hanya."

Da tsakar rana mijinta ya biyo da kwanon abincinta, kamar kullum. Mai gyaran rediyo ne a da. Da rediyo ta ja baya sai ya koma gyaran waya, ya koya a hannun abokan sana'a yana da furfura, ba kunya ba girman kai. Ya same ta ta zabga tagumi.

"Maman 'Yan Biyu, wa ya mutu?"

"Malam, bar wasa. Abin nan ya ƙi jin magana. Sau goma sha ɗaya ina gyarawa yana maido min da kuskurena." Ta sake dannawa a gabansa, sunan ya dawo yadda yake. Ta tafa hannu. "Kash!"

"Ai kin faɗi sunan ciwon da bakinki," in ji shi, yana jawo kujera. "Kash ɗin ne."

Ta harare shi ta saman gilashi. Ya ce wallahi da gaske yake, haka masu abin suke kiransa da Turanci. Ya yi mata bayani: burauzar da take shiga intanet da ita tana da wata 'yar ma'ajiya, inda take ɓoye guntayen shafukan da aka saba buɗewa don kada ta riƙa ɗauko su daga nesa kullum. To in masu shafin suka yi masa kwaskwarima, ita kuwa burauzar tana nan riƙe da tsoffin guntaye, sai sabo da tsoho su ƙi jituwa, ka danna ajiye ya ƙi tafiya. Maganin shi ne a share ma'ajiyar.

Kalmar sharewa ce ta tayar mata da hankali. Ta ɗora tafin hannu a kan madannan.

"Ka share min yara tamanin da ɗaya? Malam, ashe zaman lafiyar da muke yi ya ishe ka."

Ya yi dariya har da tari. "Yaranki ba sa cikin akwatin nan. Suna can wurin masu jarrabawa. Nan shara ce kawai a bayan ƙofa."

"Ka tabbata?"

"In suka ɓace, ni zan zauna in shigar da su da yatsa ɗaya."

Duk da haka ba ta yarda ya taɓa ba. Ta ce ya faɗa, ita ta danna. Ya nuna mata ɗigo ukun da ke kusurwar sama, ta bi har wurin goge bayanai. Wasu ƙananan akwatuna suka fito, kowanne da alama a ciki. Ya ce ta cire alamar da ke kan sauran, kada ta zo tana neman kalmar sirrinta, ta bar ta hotuna da fayilolin da aka ɓoye kaɗai. Ta yi bisimilla, ta runtse ido ɗaya, ta danna.

Ba abin da ya fashe. Ta sake buɗe shafin. Ya ɗan yi nawa, sannan ya fito, har launin wurin ajiyewar ya sauya daga shuɗi zuwa kore. Ta gangara da jerin tana ƙirgawa a fili, tamanin da ɗaya cif. Ta je lamba ta hamsin da uku, ta mayar da harafin mazauninsa, ta danna. Wani ɗan rubutu ya fito cewa an ajiye. Ta fita, ta sake shiga, ta duba. Yana nan daram.

Ta jingina da kujera. Sannan ta cire gilashin ta goge, ta ce fankar ce ke sa mata ƙura a ido.

"Sannu da aiki, injiniya," in ji mijin.

"Kai ma sannu. Amma da ka iya wannan tuntuni, me ya hana ka koya min?"

"Kin taɓa tambayata? Kullum cewa kike ni mai rediyo ne."

Bayan ya tafi ta tuna da akawun makarantar da ke tsallaken titi, wani dattijo mai ciwon gwiwa wanda tun Litinin yake kukan shafin ya ƙi karɓar hotunan yaransa. Ta rubuta matakan a bayan wani tsohon ambulan, ta nemi izinin rabin awa, ta tsallaka. Ta same shi ya tattara takardu zai tafi ofishin jarrabawa da kansa, tafiyar mota biyu.

"Yaya, ajiye jakar nan," ta ce. "Matsa min kujera. Amma kai za ka danna, ni faɗa kawai zan yi."