Na Sayar da Irin Geron Babanmu

A shekarar da fari ya kai maƙura, zamanin mulkin soja, ni ƙaramin ma'aikaci ne a wani biro, wato ofis, a Yamai, ina haya a unguwar Lamorde. Na yi lakwal, wato karatun boko, ina sa takalmi sau-ciki, saboda haka nake ganin duk danginmu babu mai wayona. Albashi ba ya kai wata, sai na koyi wata sana'a a kasuwar hatsi: ka sayar da safe farashi na sama, ka saya da la'asar in ya faɗi. A lokacin jita-jita ke juya farashi. A ce kamyo-kamyon taimako, manyan motocin hatsi, sun taso, kuɗin tiya, kwanon awo, ya faɗi. A ce soja sun rufe mangaza, ɗakin ajiyar wani mai ɓoye hatsi, ƴan kasuwa su janye kayansu, ya haura.

Ana cikin haka yayana ya zo daga ƙauyenmu na wajen Tawa da buhu biyu na gero. Ya ce irin babanmu ne, wanda marigayin ya yi shekaru yana zaɓa zangarniya-zangarniya, mai nuna da wuri ko ruwa ya ɗauke. Ya sussuke shi ya kawo mini ajiya, don a gida, in yara suka yi kukan yunwa, ya san hannunsa zai kai kansa. Ya ce ni mai albashi ne, ba zan taɓa ba. Na ce ya kwantar da hankalinsa.

Sati biyu na daure. A na uku na ce ai gero gero ne, aronsa kawai zan yi daga hantsi zuwa la'asar. Na sayar, farashi ya sauka, na sake sayen buhunan nan nawa daga hannun dillalin da na sayar wa, na koma gida da riba ina yi wa kaina kirari. Sau huɗu ina yin haka. Rana ta biyar aka ce jirgin taimako ya sauka, na sayar ina jiran faɗuwa. Ashe ƙarya ce. Kafin azahar farashi ya tashi, wani mai kamyo ya kwashe duk abin da ke rumfar dillalin ya yi arewa. Na zauna kan benci har aka tashi kasuwa.

Na sayar da rediyona da kekena, na sayi wani geron da aka kawo daga kudu, na ɗinke buhunan da irin zaren da Yaya ya ɗinka nasa. Da ruwan farko ya sauka, Yaya ya zo. Ya kwance bakin buhu, ya ɗebo a tafin hannu, ya daɗe yana kallo. Sannan ya dube ni, ya mayar, ya ɗaure, ya sa mini albarka. Idonsa ya gaya masa wani abu, amma ya fi yarda da ni.

Damina ta yi kyau a shekarar. Gonarsa ta fi ta kowa tsayi da kore, har maƙwabta na zuwa kallo. Sai gonakin mutane suka fitar da kai, tasa shiru. Ashe maiwa ce na saya masa, wadda ke son dogon ruwan kudu, ni ko bambancin ban sani ba. Ruwa ya ɗauke, ta bushe a tsaye. Kowa na girbi, shi yana yankan kara. Kafin wata damina ƙaramar ƴarsa ta rasu, ya bar gonar, ya dawo Gudel, nan gefen Yamai, yana ban ruwa a lambun wani.

Har yau bai tambaye ni ba. Yakan ce Allah ne ya ɗauke albarkar irin, kuma yakan nuna ni ga ƴaƴansa ya ce su koyi riƙon amana a wurina. Wallahi na fi son ya mare ni.

Na gane cewa ribar kwana huɗu ce ta makantar da ni, na ɗauka sa'a basira ce. Duk mai wannan saye da sayarwa na yini ɗaya, ina roƙonsa ya tsaya kan abin da yake nasa, kuma abin da zai iya rasawa. Kuɗin da na yi asara na mayar da su cikin wata uku. Irin babanmu kuwa na nema har ƙauyuka bakwai, wanda bai cinye nasa ba ya gauraya shi. Buhu biyun nan su ne na ƙarshe.