Labarin Autan Goggo

Goggona ta daɗe tana nema wa wata ƙungiyar masu ciwon sikila tallafi. Ofis-ofis take bi a ƙafa, a shanya ta a benci, daga ƙarshe a ce mata oga ya fita.

Wata rana ƙungiyar ta tura ta taron bita. Mai koyarwar, wani matashi cikin kwat, ya ce mutane ba sa buɗe aljihu sai an taɓa musu zuciya. Da ya ji cewa sikila ce ta kashe autanta, har da tafa hannu.

"Mama, ai dukiya kike zaune a kai! Labarinsa za ki riƙa bayarwa."

Ta bi shawarar. A kowane taro sai ta faɗi yadda yaron yake cizon filo don kada kukansa ya dami maƙwabta. Tallafi ya yi ta shigowa. Shugaban ƙungiyar har nuna mata ya yi inda za ta dakata ta share hawaye.

A hankali hawayen suka ƙafe. Ranar da ta ba da labarin ido a bushe, shugaban ya ce, "Goggo, kin gaji. Ki je ki huta."

Yanzu wata budurwa ce take ba da labarin, wai ƙaninta ne. Goggo tana wanke-wanke ta ji ta a rediyo, ko sunan yaron ba ta faɗa daidai ba. Ta kashe rediyon da jiƙaƙƙen hannu, ta ci gaba da cuɗa tukunya.