Yaya Labbo Mai Lasar Batir

Duk wanda ya san Yaya Labbo a Gummi ya san harshensa, kuma ba don surutu ba, don lasar batir! Ka miƙa masa batir, sai ya danna waya a gindinsa, ya kai kan a harshe, ya kanne ido ɗaya kamar mai ɗanɗana miya. Can ya ce, "Wanga da sauran rai," ko kuma, "Wanga sai dai mu yi mai addu'a." Ni ƙanwarsa ce, ciki ɗaya, don haka abin da kuka ji a bakin mutane, ni a tsakar gida na gan shi.

Aikinsa na gwamnati allurar shanu ne. Gyaran rediyo kuwa ba wanda ya aike shi, ba wanda ya koya masa. Wajen ƙarshen shekarun saba'in, in ya je ruga, Fulani sukan ba shi matattun rediyonsu kyauta. Ya ɗauro su bayan babur, ya zube a ɗaki, ya yi ta farke musu ciki. Ƙarfen da yake narka dalma da shi kuwa, a murhun Inna yake gasa shi, ƙarƙashin tukunyar tuwo. Inna ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne, sai dai ka ji ta:

"Kai wanga, ɗebe min ƙarhenka! Tuwo nika yi ko ƙira?"

"Inna, wutar ai banza taka ci ta gehe."

Kananzir ɗin risho yake tattali, mutumin naku!

Da ya gaji da gawawwaki sai ya ce yana son ganin cikin mai rai. Rediyon Inna ya ɗauka, wadda take jin tafsiri da ita, ana saura 'yan kwanaki azumi. Ya buɗe, ya leƙa, ya mayar, sai ga kusoshi da wata 'yar aba kamar ƙwayar wake sun yi saura a faranti. Na ce, "Yaya, waɗanga hwa?"

Ya ce, "Almubazzarancin masu ƙera ta na. Ba su da aiki."

Aka kunna, shiru. Aka girgiza, shiru. Inna ta fusata ta kife ta a tabarma, sai ga murya tangaram! Aka tayar da ita, ta yi gum. Tun daga ranar rediyon nan ba ta ƙara magana a tsaye ba. Azumi guda da ita a kife muka ji tafsiri, shi kuwa yana gaya wa baƙi wai ladabi ya koya mata.

Amma babbar ita ce ta Bukkuyum. Surukinsa, Malam, mai makarantar allo, zai yi walimar saukar karatun ɗalibansa. Yaya ya rantse ba za a ɗauko hayar lasifika daga Anka ba yana raye. Ya haɗa tasa cikin akwatin sabulu, da batirin mota da doguwar waya. Matarsa, Hajo, ta roƙe shi har da hawaye kada ya kunyata ta gaban mahaifinta. Ya ce, "Saura waya guda." Kun san maganarsa ke nan, ko abin ya kama da wuta, saura waya guda.

Ranar walima an cika maƙil, mu mata muna daga zaure muna leƙe. Malam ya gyara rawani, ya karɓi makirufo, ya buɗe baki. Jama'a, sai muryar wata mace ta fito daga kan bishiya, inda ya rataya bakin lasifikar, zaƙwai-zaƙwai, tana gaida masoyinta da ke Gusau! Kafin a ce a'uzu, kalangu ya biyo baya. Ashe akwatin Yaya tashar rediyo ya kamo. Malam ya dubi makirufo, ya dubi surukinsa, ya ce:

"Labbo, ni nac ce hakanga?"

Hajo ta ja mayafi ta rufe fuska. Yaya na gumi, ya taɓa nan, ya lasa can, har Allah ya sa ya gane doguwar wayar makirufo ce ta zama eriya. Ya zaro aska ya datse ta, ya bar kamu ɗaya, ya ƙulla. Kalangu ya ɗauke. Sai dai yanzu dole bakin mai magana ya zo dab da akwati, akwatin kuma yana ƙasa. Haka dattijon nan ya yi addu'ar duka a durƙushe, gemu na sharar akwatin sabulu. Da aka shafa ya ce, "Allah shi yi ma albarka, Labbo. Baɗi mu yi haya."

Shekarar da maigidana ya rasu, ina takaba, kullum bayan la'asar sai ga Yaya da gwangwani cike da wasu ƙananan kayan rediyo masu zanen launi. Wai idonsa ya daina bambance ja da ruwan ƙasa, in ware masa. Ina warewa yana zuba mini shirme, har in manta in yi dariya. Sai bayan rasuwarsa Hajo ta gaya mini idonsa garau yake. In ya koma gida, juye su yake ya cakuɗa don gobe.

Allah ya jiƙan Yaya Labbo. Yadda bai bar ni na zauna ni kaɗai ba, ya Allah kada ka bar shi shi kaɗai a kabarinsa. Amin.