Koren Zaren Baba Likita

Kafin ma'aikatan shagon buga takardu su iso, Baba Likita ya riga ya share lungunsa, ya goge tabarau da gefen riga, ya kunna tsohuwar kwamfutar da yake kira Asibiti. Ba ta taɓa shiga intanet ba, kuma babu filashin da ke taɓa wata na'ura a shagon sai ya fara bi ta kanta. In ya samu bairos, wato cutar kwamfuta, a ciki, sai ya ɗaura masa jan zare ya ajiye. In ya wanke shi tas, sai ya ɗaura kore. Shekara ashirin da biyu ke nan yana haka. Ka duba makullan ɗaliban unguwar nan, da ƙyar za ka rasa filashi mai koren zare yana lilo.

Ranar Asabar ya ajiye aiki, ba don hannunsa ya fara rawa ba. Kamfanin da ya ƙera babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutocinmu ne ya fara sayar da nasa maganin bairos. Manaja ya saya, ya saka a kowace na'ura, sannan ya ce lungun Baba zai fi amfani da injin kwafi.

"Ikon Allah," in ji Baba ranar da aka saka maganin. "Magini ya bar maka taga ba ƙyaure, ya dawo yana tallan kwaɗo. Kai kuma har da godiya!"

"Baba, kishi ne kawai," in ji Manaja yana dariya.

"Kishi ne mana. Na ce maka ba shi ba ne?"

Ni ma kishin nake yi, kuma ba zan ɓoye ba. Na karanta littattafai da yawa a kan masu ceto, ban ga inda aka yi wa mai ceto abin da na gani da idona ba.

Ana saura 'yan kwanaki Baba ya tafi, wata malamar makaranta ta shigo da kuka. Kundin bincikenta na shekara huɗu da ke cikin filashinta ya kamu, sabon maganin kuwa ya share cutar ya haɗa da kundin. Saura mako guda ta miƙa. Manaja ya danna nan, ya danna can, ya ce sai haƙuri. Baba ya miƙa hannu.

"Kawo nan, 'yata. Ba a yi wa mara lafiya kuka tun yana numfashi."

Kwana uku yana tono a cikin Asibiti, babi bayan babi, shayinsa na hucewa a gefe. Da ya gama ya ɗaura kore, ya kai filashin babbar kwamfutar shago don a buga mata. Kundin na buɗewa, sai ga saƙon kamfanin ya faɗo a kusurwar allo: na'urarka tana cikin aminci. Malama ta ɗauka manhajar ce ta dawo da kundin, ta dafa ƙirji, ta dubi allon nan ta ce, "Allah ya saka wa masu wannan manhaja da alheri!" Ta kwashi takardunta ta fita da murna.

Baba ya miƙe. Ya yanko salatif baƙi, ya manne kusurwar da saƙon ke fitowa, ya koma kujerarsa. Da na matsa kusa sai ya ce a hankali, "Bari, ɗana. Shi sunansa na kan allo. Ni nawa a ina yake?"

Ga shi nan, Baba, a wannan shafi. Kai ne ka san wace na'ura ce ke tari in zafi ya yi. Kai ne ke tambayar mutum me ke cikin filashinsa kafin ka taɓa, domin ka san wani hoton mahaifiya ne, wani kuma gumin shekaru. Likitan da ba ya raina mara lafiya! Manhaja ba ta taɓa tambayar kowa abin da yake tsoron rasawa ba.

Na nemi Malama na faɗa mata gaskiya. Ranar Asabar, Baba na naɗe wayoyin Asibiti, sai ga ta a bakin ƙofa.

"Baba, ashe kai ne? Ka bar ni ina yi wa gilashi addu'a?"

"To ai ya fi ni haske, 'yata."

Ba ta yi dariya ba. Ta kwance koren zaren da ke jikin filashinta, ta kama hannunsa ta ɗaura masa a wuyan hannu. "Na duba," ta ce. "Wannan lafiya lau yake."

Baba ya juya wai yana neman tabarau, alhali suna fuskarsa.

Mun gode, Baba Likita. Allah ya ba ka hutu mai daɗi. Ku kuma masu gyara da ke tasowa, ku koyi tambaya kafin sharewa. Mu da ake yi wa gyaran, in abinmu ya dawo, mu ɗaga kai daga allo mu nemi hannun da ya dawo da shi. Salatif ɗin nan dai har yau yana kusurwar, Manaja ya hana kowa ɓarewa.