Ƙunar da Na Yi wa Dardumar Baƙo

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan. Sau uku ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, domin karatuna bai wuce elementare ba, kuma ina tsoron in saka wa kakata maganar da ba ta faɗa ba, ga ta ƙasa ta rufe mata ido, ba ta da bakin gyara ni. Amma ƙarfina yana raguwa, kuma akwai kayan wani a ɗakina. Inda na manta zan ce na manta.

A Illela aka haife ni, zamanin da Turawa ba su daɗe da kafa duwatsun iyaka tsakaninmu da Ƙonni ba. Kakata, mahaifiyar babana, muna ce mata Inna Babba. Ni kuwa "maigida" take kirana, irin wasan kaka da jika. Da sanyi ya shigo, in an ci tuwo, sai ta zuba garwashi a kasko, mu jikokinta mu taru a ɗakinta a kan darduma, ta yi mana tatsuniya.

Dardumar ba tamu ba ce. Ta wani fatake ce mutumin Adar, Malam Ilyasu, wanda yake sauka gidan kakanmu duk shekara. Zuwansa na ƙarshe ya bar ta ajiya, ya ce zai je ya kwaso iyalinsa ya dawo bayan kaka. Ya kuma ce kada a naɗe ta a ɓoye, domin darduma in ba a zama kanta, asu ke cinye ta. Ja ce, mai kauri, da baƙin zane a gefe kamar sawun raƙumi. Shekara huɗu ke nan a lokacin, ko biyar, bai dawo ba. Kowa a gidan ya san amana ce. Inna Babba ba ta yarda a hau ta da ƙafa mai ƙasa, balle a ci abinci a kai.

Wata rana da la'asar ta tafi barkar suna. Na shiga ɗakin na saci busasshen kifin tafkin Kalmalo guda a ƙwaryarta, na ɗora a kan ragowar garwashi. Garin juyawa, garwashi ɗaya ya faɗo. Kafin in ture shi ya ci wuri kamar faɗin kan babban yatsa, baƙi ƙirin, yana warin ƙonannen gashi. Hankalina ya tashi. Na tuna yadda goro ke rina bakin tsofaffi, sai na ɗauki ɓarin goronta na tauna, na tofa a wurin, na murza da yatsa. Ai kuwa sai ya zama tabo biyu, baƙi a tsakiya, ruwan ƙasa a kewaye.

Dabarar da ta rage mini ita ce in zauna a kai. Kwana uku ina riga kowa shiga ɗakin, in zauna daidai wurin, ba na tashi sai kowa ya fita, in ja buzun sallarta in rufe.

A rana ta uku ta dube ni ta ce, "Maigida, ƙwai kaka kwanci? Kwana ukku ba ka gusa ba daga gun nan. In sun ƙyanƙyashe a ba ni guda."

Yara suka fashe da dariya. Na ce sanyi nake ji. Ta ce, "To, madalla. Ga wata tatsuniya ta iso bakin ƙohwa, ku ba ta wuri." Muka ce ta shigo.

Ta ce wai Raƙumi ne zai tafi Azbin ɗaukar gishiri, sai ya rasa wanda zai bar wa bargonsa. Ya duba duk dabbobin daji, ya ga ba mai allurai kamar Bushiya, ya ce ko wani abu ya sami bargon, wannan ta ɗinke. Bayan tafiyarsa gara ta ci wuri ɗan ƙanƙane. Kurciya ta gani ta ce, "Bushiya, zaro allura guda ki kama shi tun yana ƙarami." Bushiya ta ce, "In na ɗinke ai an san ya ɓaci." Sai ta hau ta zauna a kan hudar. Tana sama tana ɓoyo, gara tana ƙasa tana aiki. Ranar da Raƙumi ya dawo ya yi sallama, bargon bai rage ba sai daidai inda cikinta ya danne. Kunya ta kama ta, ta cusa kai cikin ciki ta dunƙule.

"Shi ya sa har yau," in ji Inna Babba, "da ta ji sawu sai ta dunƙule, tana tsammani Raƙumi na. Allura dubu ga bayanta, ba ta taɓa ɗunka komi ba."

Har ta gama tatsuniyar ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Da yara suka watse na gusa gefe da kaina, na fashe da kuka. Ta sunkuya ta shinshina wurin.

"Wuta na gane. Wanga jan kuma na mi ne?"

Na ce goro.

"Kihina ka ci, gorona ka ci, ka ƙone kayan mutane. Kai, wanga miji nawa ba shi da riba! Tahi ka kwanta, gobe muna da aiki."

Da hantsi ta fitar da dardumar tsakar gida inda haske yake. Ta wanke goron da ruwan ɗumi, tana dannawa da tsumma, ba ta murzawa, ta ce murza ita ke tura tabo ciki. Da ya bushe ta sa aska ta kankare ƙonannen gashin a hankali har zaren ƙasa ya bayyana. Biyu daga cikin zaren tsaye sun tsinke, ta ƙulla su da zaren da ta kaɗa da hannunta. Na ce in je kasuwa in nemo jan ulu. Ta ce a'a, jan kasuwa sabo ne, wannan kuwa ya sha rana, darduma da gashinta ake gyara ta. Ta warware kalmasar ƙarshe, inda aka lanƙwashe saƙar ciki, ta tsinto jan gashi kaɗan, ta mayar ta ɗinke. Sannan ta ba ni basilla. Ƙulli ɗaya ɗaya na riƙa ɗaurawa a kan zaren, tana warware wanda ya karkace. Ta sa na shafa tafin hannuna in ji inda gashin ya kwanta, domin sabon ya bi kwanciyar tsohon. Ta daidaita tsawonsa da almakashi. Kafin azahar, ni da na yi ɓarnar sai da na lalubi wurin.

Murna ta kama ni, na ce yanzu ba wanda zai sani. Sai ta juya dardumar, ta zura farin zare a allura, ta kewaye bayan gyaran da ɗinki manya manya, wanda ko mai dundumi zai gani.

Na ce, "Inna, kin ɓata!"

Ta ce, "Gaba don idon mutane munka gyara. Baya na mai abu na. Ran da Malam Ilyasu ya zo, kai ka juya mai ita, da bakinka ka hwaɗa mai. Ka ji ko?"

Na ce na ji.

Bai zo ba. Kakanmu ya rasu, ita ma ta bi shi, babana ya riƙe dardumar, da zai cika ya ce ni Inna Babba ta bar wa. Da ƙuruciya na ɗauka darasin shi ne a yi gyara da wuri. Sai da na girma na gane cewa gyaran shi ne mai sauƙi, wuni guda ya ishe shi. Gyaran da aka ɓoye wa mai kaya, wani zama ne a kan huda, sai dai ya fi kyan gani. Na sha zuwa kasuwar Ƙonni ina tambayar mutanen Adar, kowa ya ce Ilyasu da yawa. Wani malami ya ce mini in yi sadaka da ita a madadinsa, wani ya ce in jira. Na kasa zaɓa, domin ba dardumar kaɗai ake bina ba, har da maganar da na ce na ji.

Don haka nake roƙon masu karatu. Abin da na sani game da shi kaɗan ne: dogo ne, yana ɗingishi da ƙafar hagu, yana kawo gishiri da dabino ya koma da baƙin zane, kuma an ce yana da ɗiya mace mai suna Tamo. Duk wanda ya taɓa jin tsofaffin gidansu suna maganar jar darduma da aka bari ajiya a Illela, don Allah ya sanar da ni ta hannun masu buga wannan takarda. Ko tattaɓa-kunnensa ne, ya zo. Ba na neman shaida mai yawa. Ina so dai in sami wanda zan ce wa ni na ƙona ta.