Kwanon da Baba Ya Kawo daga Boma

A kicin ɗina na garin Largo, nan ƙasar waje, akwai wani kwanon ƙarfe da ya lotse a gefe, da shi nake awon shinkafa. Babana ne ya kawo shi daga yaƙin Boma. Dokarsa ɗaya ce a kansa: ba a ajiye shi wayam, ko tafin hannu ne sai an bar shinkafa a ciki. 'Yata ta sha yi mini dariya a kan haka, wai camfi ne.

Shekarar da ta cika sha biyar, aka ba su aiki a makaranta su rubuta dalilan da suka sa sojojin Japan suka mutu da yawa a yaƙin duniya. Ta cika takarda da jirage da bama-bamai, sannan ta zo tana tambayata. Na gaya mata abin da Baba yake faɗa. Yawancin waɗanda ya gani ba harsashi ya kashe su ba. Manyansu sun tura su daji ba guzuri, zazzaɓi da gudawa suka gama da su, ga shi an koya musu cewa miƙa wuya abin kunya ne. Mai wannan kwanon, Baba ya same shi jingine da bishiya, haƙarƙari a waje, ya mutu yana rungume da shi, ko ƙwaya babu a ciki.

Ta rubuta duka. Malamin ya ja jan layi a gefe, wai labarin kaka ba hujja ba ne, kuma shi bai taɓa jin 'yan Afirka sun yaƙi Japan ba. Ya ce ta cire, ko ya rage mata maki.

Ba makin ne ya ƙona mini rai ba. Tambayarta ce. Da Turancinta ta ce, "Umma, anya Kaka bai ƙara gishiri ba?"

Baba dai! Mutumin da zazzaɓin Boma ya bi har kabari.

Washegari na tashi daga asibiti, ko kayan aiki ban cire ba, na wuce makarantar. Na dire wa malamin kwanon a kan tebur, har shinkafa ta watse a takardunsa. Na nuna masa rubutun Japan da aka karce a gindi. Na ce ni nas ce, na san yadda yunwa take cin mutum, kuma rashin sani ya fi dare duhu. Ya jujjuya kwanon cikin ladabi, ya ce abin ban sha'awa ne, amma ƙa'ida sai littafi. Na ce masu littafi su ne masu alƙalami, ubana kaya ya ɗauka a ka.

Na ɗauki 'yata a mota muka koma gida. Na riga na yi nawa, saura nata.

Ba ta cire ko kalma ɗaya ba. Ya rage makin kamar yadda ya ce, ita da ba ta saba ganin irin wannan sakamako ba. Ta manna takardar a jikin firji, jan layin yana kallon duk wanda ya shigo.

Ran nan ita ta ɗora tukunya. Ina kallonta ta juye shinkafar duka, ta kai hannu za ta ajiye kwanon, sai ta tsaya. Ta koma buhu, ta ɗebo tafi guda ta zuba a ciki.