Hannun da Ya Yi Gadin Awarwaro

Wata rana, a wani gari da ba zan faɗi sunansa ba domin rabin samarinsa suna bibiyata a shafin nan, an yi wani ɗan dambe ana ce masa Nomau Gatari.

Mahauci ne. Da safe yana saran ƙashi, da la'asar yana saran mutane.

Shekara bakwai yana shiga fili ba a taɓa kashe shi ba. Ku da a waya kawai kuke kallon dambe, kisa ba mutuwa ba ce. Gwiwarka ko tafin hannunka ya taɓa ƙasa, shi ke nan, an kashe ka.

Ta Nomau ba ta taɓa ba.

Ba shi da gida, ba shi da babur. Wannan suna shi ne duk abin da ya mallaka, kuma da shi yake tafiya yana buɗa kafaɗa a kasuwa.

Rannan yana rumfarsa sai ga wani mai jaka, takalmi sai ƙyalli, baki kamar rediyo. Ya zaro wani awarwaro na baƙar roba da 'yan ƙarafa jere a jiki. Ya buɗe waya ya nuna masa hotuna: 'yan ƙwallon Turai, masu tseren gudu, kowa da irinsa a hannu.

Ya ce maganaɗisu ne. Wai mai shi ba ya gajiya, ba ya tangaɗi.

Nomau ya ce a gwada.

Mai jaka ya sa shi ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya buɗe hannuwa. Ya danna masa hannu, Nomau ya yi luu, saura kaɗan ya faɗa cikin bahon kayan ciki. Ya zura masa awarwaron, ya sake dannawa.

Ko gezau.

Wannan wasa na san shi ciki da bai, na sha yi wa ƙattai a tasha har su rantse ina da aljanu. Karon farko ka danna can bakin hannu, ka ɗan ja waje. Karo na biyu ka danna kusa da gwiwar hannu, ka tura wajen jikin mutum. Ko zaren buhu ka ɗaura masa sai ya tsaya.

Nomau bai san haka ba. Nan take ya yanko cinyar rago sukutum ya miƙa.

Mai jaka ya rungumi nama, har ya juya, sai ya waiwayo ya ce, "Af, abu ɗaya, maigida. Kada ya sha duka. In ya tsage, ƙarfin tsiyayewa yake yi."

Ɗan dambe fa ake gaya wa haka.

Daga ranar Nomau ya daina gudun safe. Buhun yashin da yake naushi a bayan mayanka har kaza ta yi ƙwai a gindinsa. In an yi masa magana sai ya ɗaga hannu ya girgiza, ya ce su Turawa ba wawaye ba ne.

Sati uku bayan haka aka haɗa shi da wani baƙo, Jibo Sanda. Siriri ne, dogo, kamar a hura shi ya faɗi. Ba ya kirari, ba ya tsalle-tsalle. Ido ne da shi kawai.

Bayan la'asar fili ya cika, kalangu na ta kuka.

Kawu Mamuda, tsohon ɗan damben da ya raini Nomau, shi ya zauna yana naɗe masa hannun dama da zare har ya koma kamar dutse. Wannan hannu shi ke duka. Na hagu kuwa a buɗe ake barinsa, a miƙe gaban fuska, shi ne garkuwa. Duk naushin da zai fasa maka kai, a kansa yake fara sauka.

Nomau ya so a cusa awarwaron cikin naɗin. Alƙalin wasa ya ce ba a sa ƙarfe a hannun duka. Sai ya mayar da shi hagu, kusa da layunsa. Alƙali ya kalla, ya ɗauka wata sabuwar laya ce, ya ƙyale.

Aka shiga turmin farko, wato zagayen farko.

Nomau ya auka kamar bijimi. Ya sakar wa Jibo ɗaya a haƙarƙari, aka ji tim har bayan fili. Ya ƙara masa a kunne, kunnen ya tsage, jini ya biyo wuya. 'Yan kasuwa suka miƙe tsaye.

Jibo ya ja da baya, ya jefo naushi. Nomau ya tare da garkuwa kamar kullum.

Ƙwas.

A kan awarwaron ya sauka.

 Nomau ya janye hannun zuwa ƙirji, ya sunkuyar da ido ya duba ko ya tsage. Daƙiƙa ɗaya ce, ba ta fi ba.

Cikin wannan daƙiƙa Jibo ya buɗe masa gira. Fatar ta rabe biyu, jini ya rufe masa idon hagu, ya gangaro cikin baki.

Alƙali ya raba. Jibo ya wuce gefe yana murmushi, ya ce, "Amarya, ki kula da awarwaronki."

Kawu Mamuda ya kwara wa Nomau ruwa a fuska, ya danne girar da tsumma.

Ya ce, "Ɗan nan, cire abin nan ka ba ni."

"Kawu, shi ke riƙe da ni."

"Hannunka yana can yana gadinsa. Bakinka wa ka bar wa?"

"Ai bai tsage ba, Kawu. Duba."

Tsohon bai duba ba. Ya matse tsumman, jini ya ɗiga ƙasa, ya koma ya zauna ya kawar da kai.

Turmi na biyu.

Jibo ya riga ya gane. Ya daina neman fuska, sai ya riƙa kai wa awarwaron hari, kamar yana son fasa shi. Duk sanda ya yunƙuro, hannun Nomau sai ya gudu baya, ya ɓuya a gefen ciki kamar mai ɓoye kuɗi a motar haya.

Garkuwa ta koma abin da ake karewa.

Ga numfashi ya fara yankewa. Sati uku ba gudu, ƙirjin Nomau yana ta zuƙa kamar zugazugin maƙeri, ƙafafunsa sun yi nauyi.

Jibo ya sake yin kamar zai kai wa awarwaron. Hannun ya kauce. Fuska ta rage tsirara.

Na farko a hanci. Ya karye, kowa ya ji ƙarar.

Na biyu a baki. Haƙori ya fito da jini, ya yi sama, ya faɗa cikin yashi.

Nomau ya tsaya yana lilo. Yana jin kalangu can nesa kamar daga cikin rijiya. A ransa yana cewa yanzu abin zai riƙe shi, yanzu, kamar yadda ya riƙe shi a rumfa.

Na uku a haɓa.

Gwiwa ta fara sauka. Tafin hannu ya biyo. Sannan fuska.

Shekara bakwai ta tafi.

Fili ya ruɗe, aka ɗaga Jibo sama. Mai kalangun da tun ɗazu yake wasa Nomau ya juya ya bi bayan baƙo, bai ko canza kiɗa ba.

Da aka zo ɗaga Nomau, aka ciro hannunsa na hagu daga cikin yashi. Awarwaron lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Ya ma yi aikinsa: ga murfin kwalba ɗaya da tsatsattsiyar ƙusa manne a jikinsa.

Haƙorin kuwa sai da Kawu Mamuda ya durƙusa ya tona yashi da yatsa.

Darasi:

Maganaɗisu ƙusa yake ja. Ba ya ja maka numfashi, ba ya tare maka naushi. Ɗan ƙwallon da ka gani da shi a hoto, ba a nuna maka gudun da yake yi kullum kafin rana ta fito ba. In abin yana sanyaya maka rai, sa abinka, ado ne. Amma ranar da ka fara kare shi maimakon ka kare kanka, ka shirya tauna tuwo da gefe ɗaya.

Tura wa abokin nan naka da ya sayi irinsa ya daina zuwa atisaye. Ka tura masa yau, tun haƙoransa suna cike.